Darasi na 9: Tada tsohuwar ƙaramar mota da kula da ita

Wanda ya zaga Zango ko Sabon Gari ko bayan Kasuwar Dole ba zai rasa ganin ƙaramar mota ajiye a gindin bango ba, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Yawancinsu masu guntun baya ne, waɗanda ake ɗaga ƙofar bayansu sama har da gilashi: Toyota Starlet, Peugeot 205, Golf 2. An daina ƙera Golf 2 a 1992, Peugeot 205 a 1998, Starlet kuma a 1999. Ke nan ko ƙaramarsu ta haura shekara 25.

Da yawa daga cikinsu ba su mutu ba. Injinsu mai sauƙin ganewa ne, ba su cin mai da yawa, ana samun kayan gyaransu a nan Damagaram ko a aika Kano, kuma suna shiga lungunan Birni inda babbar mota ba ta iya juyawa. Mutum mai sha'awar aikin hannu, tela ne ko manomi ko ɗan kasuwa, zai iya tada irin wannan mota sannu a hankali, a ranakun da ba ya aiki, yana neman bakanike a inda aikin ya fi ƙarfinsa. Abin da wannan darasi yake so ka riƙe shi ne jerin aikin: me za a fara, me zai jira. Masu farawa daga fenti da rediyo su ne ake gani sun tsaya a hanyar Mirriya, murfin inji a buɗe, tururi na tashi.

Kafin kuɗi su bar aljihu

A fara da takarda. Kowace mota tana da lambar shasi, an buga ta a jikin ƙarfe, galibi a ɗakin inji. A yawancin motocin da suka zo daga Turai, haruffa da lambobi 17 ne. Ba a saka I da O da Q a cikinta, don kada su rikice da 1 da 0. Ka kwafe ta a takarda ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ka gwada da wadda ke cikin kartagiris, wato takardar rajistar motar. In ko harafi ɗaya ya saɓa, ka haƙura da motar komai arharta. Nan karatun da ka koya zai tsare maka dukiya.

Bayan haka ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka duba ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafar direba da ramin ajiye tayar ko-ta-kwana. A Turai ana zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa yana cin ƙarfe. Ƙaramin rami mai walda zai toshe shi. Amma in tsatsa ta kai inda ƙafafun mota suke ɗaure, aikin ya wuce na mai koyo.

Ka buɗe murfin da ake zuba man inji. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya taru da yawa, mai yiwuwa ruwa ya haɗu da mai. Ka sa sifana a babbar kusar da ke gaban inji ka juya, giya na firi. In ya juya, akwai fata. In ya ƙi motsi sam, injin ya cije, sai an sauke shi.

Kaye da bik

Kayan aiki na farko shi ne kaye, wato littafin rubutu, da bik, wato biro. Ka ja layi huɗu a shafi: rana, kilomita, aikin da aka yi, kuɗin da aka kashe. Duk abin da aka yi wa motar, ko ƙwan fitila aka canza, ya shiga ciki.

Kafin ka kwance wani abu, ka ɗauki hotonsa da waya. Kusoshin kowane wuri ka zuba su a gwangwaninsu daban, ka rubuta a jiki: kaburato (mai haɗa mai da iska), fanka, taya. Wayoyin buji, wato fulogin da ke ba inji tartsatsin wuta, ka liƙa musu lamba, 1, 2, 3, 4. Injin waɗannan motoci mai silinda huɗu yana ba da wuta a jere kamar haka: 1, 3, 4, 2. In aka musanya waya biyu, injin zai yi ta tari ko ya ƙi tashi, mutum ya yi ta zargin batir alhali ba laifinsa.

Birki kafin komai

Motar da ta ƙi tashi ba ta kashe kowa. Wadda ta tashi ta kasa tsayawa ita ce abin tsoro, balle a garin da ke cike da kabu-kabu da amalanke da yara ƴan makaranta. Don haka birki ne aikin farko.

Ka duba man birki a ƴar robarsa. A murfin an rubuta DOT 3 ko DOT 4, irinsa za ka saya. Wannan mai yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma wanda ya daɗe a ajiyayyar mota ba a amince da shi. Ka cire taya ka dubi falaket da ke matse faifai. In sun sirance, a canza na hagu da na dama tare. Tiyon roba da ya tsage ko ya kumbura a jefar da shi. In ka taka birki ka ji laushi, ƙafa na nutsewa, iska ta shiga. Fitar da ita aikin mutum biyu ne, kuma a karon farko ka yi shi a gaban bakanike.

Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka sa ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri, ka tokare sauran tayoyin da dutse. A kan yashi jak yana nutsewa, sai an shimfiɗa masa katako. Bulo ba ya cikin lissafi, yana farfashewa ba shiri.

Ruwa

A nan ne ya kamata a daɗe, domin zafi shi ne babban mai kashe tsohon inji a ƙasarmu. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40. Inji kuwa da kansa yana aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. Tazarar da ke tsakanin aiki lafiya da tafasa ba ta da yawa, ƙaramin sakaci ya isa.

Ga yadda abin yake tafiya. Famfon ruwa yana tura ruwa ya zaga cikin inji ya kwashi zafi, ya bi tiyo ya shiga radiyato. Iska ta ratsa radiyato ta sanyaya shi, ya koma. In mota na gudu, iskar hanya ta wadatar. In ta tsaya a cunkoso, fanka ce ke jawo iskar. A waɗannan motoci fankar ta lantarki ce, tana tashi da kanta in ruwa ya yi zafi. Ka bar injin yana aiki a tsaye, ka zuba wa allurar zafi ido. In ta wuce tsakiya fanka ba ta tashi ba, ka kashe, ka duba fis da wayoyi da makunnin da ke jin zafin ruwa.

Murfin radiyato ƙaramin abu ne, amma aikinsa babba. Yana matse ruwan a ciki, shi ya sa ruwan yake iya wuce digiri 100 bai tafasa ba. In robarsa ta bushe, ruwa zai riƙa guduwa ba a ga inda yake bi ba. Sabon murfi bai kai kuɗin komai ba a kan gyaran inji.

Mu mutanen Damagaram mun san darajar ruwa, mun san jiran famfo da kiran ɗan garuwa. Saboda haka duk ruwan da ya zo hannu shi ake zubawa a mota, na rijiya ne ko na tafki. Irin wannan ruwa yana barin farin daskare a ƙananan hanyoyin radiyato, kamar wanda ake gani a gindin butar shayi, har ya toshe su. Ga tsatsa kuma. Abin da ya dace shi ne a kai radiyaton wurin masu wanke shi, a dawo a zuba ruwan radiyato na galan, mai launin kore ko ja, wanda ke hana tsatsa. In a hanya ne babu yadda za a yi, a zuba ruwa mai tsabta, a canza in an iso gida.

Akwai wata al'ada ta cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Ban goyi bayanta ba. Tamostat ƙofa ce da ke buɗewa in ruwa ya kai wajen digiri 82. In babu ita, injin yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu, ya ƙara cin mai, ya ƙara gogewa. In ta lalace a sa sabuwa. Gwada ta ba wuya: a jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta, in ta buɗe kafin ruwan ya tafasa, lafiyarta lau.

In allura ta hau ja kana tafiya, ka tsaya nan take ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin radiyato da zafinsa, ruwan zai feso ya ƙone fuska da hannu. Kada ka kwara wa inji ruwan sanyi. Ka jira ya huce. Wanda ya ce bari in lallaɓa in ƙarasa gari, shi ne yake ƙone juwan kilas, wato abin da ke like tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Daga nan ruwa ya haɗu da mai, farin hayaƙi ya riƙa fita ba ƙaƙƙautawa.

Ƙura da mai

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne, sauran watanni kuma yashin unguwa. Ƙurar da ta shiga inji tana goge fistin da ringi. Mai tsare ta shi ne matatar iska. Ka fito da ita kowane mako biyu a lokacin hunturu, ka kakkaɓe, in za a hura a hura daga ciki zuwa waje. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa ko esansi, wato fetur. In ta yage, sai sabuwa.

Man inji a ƙasa mai ƙura a canza shi duk kilomita 5,000, tare da matatarsa. A jikin galan za ka ga rubutu kamar 15W-40 ko 20W-50, kaurin man ke nan, kuma su ne aka saba sa wa tsohon inji a ƙasar zafi. Ana auna mai da safe, mota a fili mai daidai. Ya tsaya tsakanin alamu biyu na sandar awo. Baƙin man da aka juye kada a zubar kusa da rijiya, kada kuma a shafa shi a miki, guba ne.

Ko da yake matatar man fetur ta SORAZ tana aiki a arewacin gari tun 2011, da yawa har yanzu man kwalba na bakin titi muke saye. In dole ta sa, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a kuma sa ƙaramar matatar esansi kafin kaburato. Tankin motar da ta daɗe a ajiye a sauke shi a wanke kafin a tada inji.

Hayaƙi yana faɗin ciwon inji. Baƙi, esansi ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. Mai shuɗi-shuɗi, injin na ƙone man kansa. Kuma kada a tada inji a rufaffen ɗaki ko shago, a cikin hayaƙin akwai iska marar wari da ke kisa.

Sauran ayyuka

Bel mai haƙora da ke ɓoye a gefen inji a canza shi tun farko, tunda ba ka san shekarunsa ba. A injin Peugeot 205 in ya tsinke yana lanƙwasa bawul. Wannan aikin bakanike ne. Robar kardan, wato sandar da ke juya tayar gaba, in ta yage, yashi zai shiga, ka fara jin ƙas-ƙas in ka sha kwana. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 in inji na kashe, wajen 14 in yana aiki. In za a cire shi, a fara da wayar da ke da alamar ragi (−). A jikin taya, bayan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe suna faɗin haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Tayar da ta tsufa tana fashewa a kwalta mai zafi ko da zanenta bai goge ba.

Fenti da kujeru sai duk waɗannan sun kammala.

Karatu

Mai koyo ya je garaji da kayensa.

"Sannu da aiki, Maigida. Allurar zafi ce ke hawa in na tsaya a kasuwa, amma in ina gudu sai ta sauka."

"Yawwa, sannu Malam. Fanka na tashi?"

"Ban ji ta ba. Ga shi na rubuta, ranar Lahadi na canza murfin radiyato, ruwa bai ragu ba."

"To ka rage mini aiki. Bari mu fara da fis."

Aiki

1. An canza man inji agogon kilomita na nuna 184,350. A wace lamba za a sake canzawa?

2. Mota tana shan lita 7 a kilomita 100. Daga Zinder zuwa Maraɗi kusan kilomita 240 ne. Lita nawa za ta sha zuwa da dawowa?

3. An rubuta 4517 a jikin taya. A wace shekara aka ƙera ta?

4. Rubuta abu biyu da ba a yi wa inji in ya yi zafi.

5. Nemi izinin wani mai mota a unguwarku, ka kwafo lambar shasinta a kayenka, ka ƙirga haruffan, ka kawo aji mako mai zuwa.