Yadda Baƙo Zai Halarci Bikin Waliyyi Patrick a Dublin

Wanda karatu ko neman abinci ya kai shi Ireland ba zai cika shekara ba sai ya wayi gari ya ga birnin Dublin ya koma kore shar, tun daga hulunan yara har zuwa fitilun da ake haska manyan gine-gine da su. Ranar 17 ga Maris ke nan, ranar Waliyyi Patrick, wadda take hutun ƙasa tun 1903, kuma baƙon da yake son ya ci moriyarta ya kamata ya fara sanin mutumin da ake tunawa.

Patrick ba haifaffen Ireland ba ne. A Birtaniya aka haife shi a ƙarshen mulkin Rumawa, kuma yana da shekara kusan 16 mahara suka sace shi suka tsallaka da shi teku, inda ya shekara shida cikin bauta yana kiwo. Ya gudu ya koma gida, amma daga baya ya dawo da ƙafarsa ƙasar da aka bautar da shi, ya zama bishop mai wa'azin Kiristanci a ƙarni na 5. A ganina wannan dawowar ce ta fi komai nauyi a tarihinsa, ko da yake hayaniyar biki takan rufe ta. Ɗan ganyen nan mai kunne uku da za ka ga mutane sun maƙala a ƙirji, wanda suke kira shamrock, an ce da shi ya yi wa jama'a misalin aƙidar Triniti, wato imanin Kirista cewa Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Idan daga wani gari za ka zo, ka kama masauki tun da watanni, domin tun 1997 bikin Dublin ya zama na kwanaki, kuma kuɗin ɗaki yakan yi tashin gwauron zabi. Babban fareti yakan tashi da tsakar rana daga Parnell Square, ya bi titin O'Connell, ya haye kogin Liffey, ya nufi wajen majami'ar Waliyyi Patrick. Ka isa bakin shinge awa biyu ko uku kafin lokaci, kuma da ƙafa, saboda ana rufe hanyoyin tsakiyar gari. Sanyin Maris yana ratsa ƙashi, yayyafi kuma ba ya sallama, don haka ka sa rigar ruwa a kan ta sanyi, ka bar lema a gida don kada ka tare wa na bayanka gani. Ko hula ce ko mayafi, ka sa wani abu kore, kuma idan ka gaishe da mutum da harshensu, ka ce "Lá Fhéile Pádraig sona duit", za ka ga fuskarsa ta washe.

Ga 'yan Katolika, safiyar ranar ta zuwa coci ce, kuma babu wanda zai tilasta wa baƙo shiga. Batun abinci ne yake son lura. Abincin gargajiya shi ne naman alade da kabeji da dankalin turawa, saboda haka Musulmi ya tambaya kafin ya kai loma, har ma a kan farfesun rago da suka shahara da shi, domin wasu sukan zuba giya a romon. Da yamma unguwar Temple Bar takan cika maƙil da mashaya, kuma mai iyali gara ya nemi wurin da ake rawar céilí, inda ake jan goge, ana kaɗa gangar hannu da suke kira bodhrán, tsofaffi da yara suna riƙe da hannun juna suna juyawa bisa umarnin mai kira.

Wanda bai samu zuwa Dublin ba, bikin zai iya iske shi inda yake, domin yunwar da ta auka wa Ireland daga 1845 ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, ta kuma watsa wasu da dama cikin duniya da al'adarsu. A New York ana fareti tun 1762, a Chicago kuwa ana rina kogi kore tun 1962, kuma sai ka yi sammako idan kana son ganin ruwan yana sauya launi. A Najeriya ma, inda limaman Ireland suka daɗe suna buɗe makarantu da asibitoci, an ayyana Patrick a matsayin waliyyin ƙasa a 1961. Tsibirin Montserrat da ke yankin Karebiyan yana hutu a ranar, sai dai can suna haɗa bikin da tunawa da bayin Afirka da suka shirya tawaye a ranar 17 ga Maris ta 1768.