Yadda Ake Tsara Kai Ruwan Famfo Sabuwar Unguwa a Zariya

Kafin ƙaramar hukuma ta sayi bututu ko ɗaya, a fara ƙidaya gidaje tare da mai unguwa. A lissafa wa kowane mutum lita 60 a rana a gefen gari, lita 120 a cikin birni, sannan a ƙara lissafin mutanen da za su ƙaru nan da shekara 20. Unguwa irin Dakace ba ta tsaya cik ba, kullum gini ake yi.

Babban layin bututun ruwa na hukumar ruwa ta jihar Kaduna ne, don haka sai da izininta za a jona, ita kuma za ta auna ƙarfin ruwan a wurin jonin. Nan ake yawan tafka kuskure. Matatar ruwa ta Shika na iya tace lita miliyan 150 a rana, amma in unguwa tana kan tudu, ruwan ba zai hau ba sai da tankin sama ko injin turawa.

Layin cikin unguwa ya zama inci 4, rassa inci 2 ko 3, a binne su zurfin mita ɗaya, nesa da kwata da masai. Lungunan cikin ganuwa, kusa da Ƙofar Doka, sun yi ƙunci ga mota, sai dai haƙa da diga. A sa bawul, wato abin buɗewa da rufe bututu, na fitar da iska a tudu, na wanke laka a kwari. Kafin a rufe rami a gwada ƙarfin bututun, a wanke shi awa 24 da kilorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta.