Yadda Za Ka Je Wurin Wasannin Nishaɗi Kai Kaɗai a Hutun Ƙarshen Shekara

Duk wanda ka gaya wa za ka tafi irin su Disneyland, manyan wuraren wasannin nishaɗi na kamfanin Disney, kai kaɗai, kuma a watan Disamba, tambaya ɗaya zai fara yi maka: "Kai da wa?" In ka ce kai kaɗai, sai ya dube ka da tausayi. Ni ma an yi mini wannan kallon. Abin da masu kallon ba su sani ba shi ne, cunkoson ƙarshen shekara iyalai yake wahalarwa, masu turin keken jariri da masu neman kujera biyar a jere. Mutum ɗaya kuwa kamar ruwa yake, ko'ina ya samu tsaga sai ya bi. Amma fa sai ya shirya, don in ya je da ka, zai biya kuɗin tikiti mafi tsada a shekara ya ƙare yininsa a layi uku.

Mataki na farko: zaɓi rana kafin ka zaɓi komai

Kwanakin da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara su ne mafi cikowa a manyan wuraren nan. Makarantu suna hutu, ma'aikata suna hutu, kowa ya kwaso iyalinsa. A Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren wasa na Walt Disney World da ke jihar Florida ta Amurka, wanda aka buɗe a 1971, an sha kai wa matsayin da ake tsayar da shigar sababbin baƙi a irin waɗannan ranaku saboda wuri ya cika. Ado da fitilu da kiɗan biki kuwa tun watan Nuwamba ake kafa su. Ke nan wanda ya je a makon farko ko na biyu na Disamba zai ga ado da fitilun da mai zuwa ranar 28 ga wata zai gani, sai dai turmutsutsun ne ba zai gani ba. Tunda ba ka jiran hutun makarantar kowa, ka yi amfani da wannan damar. Ka ɗauki Talata ko Laraba ko Alhamis, ka bar wa masu iyali Asabar da Lahadi.

Ka duba jadawalin ranar da ka zaɓa da kyau. A wasu darare na Nuwamba da Disamba, Magic Kingdom yana rufewa da ƙarfe 6 na yamma ga masu tikitin yau da kullum, domin ana wani bikin dare na musamman da ke da tikitinsa daban. Wanda bai duba ba zai ga ana sallamarsa daidai lokacin da fitilun da ya zo gani suka fara haske.

Mataki na biyu: wurin da ya dace da jikinka

Sanyi ne babban abin lura. Disneyland na Faransa, wanda aka buɗe a 1992 a gabashin birnin Paris, yana da sauƙin zuwa ga mutum ɗaya, domin jirgin ƙasa na layin RER A yana sauke ka a bakin ƙofa cikin kusan minti 40 daga tsakiyar birni. Amma Disambar can sanyi ne mai ratsa ƙashi, kuma kafin ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi. Tivoli da ke Kopenhagen a ƙasar Denmark, wanda yake aiki tun 1843, ƙaramin wuri ne a tsakiyar gari, ana iya zagaye shi a yammaci ɗaya, kuma a ganina babu inda ya fi shi dacewa da wanda ke gwada tafiya shi kaɗai karo na farko. Europa-Park na Jamus da Efteling na ƙasar Holan su ma suna buɗewa da hunturu, sai dai ka sani cewa manyan jiragen tudu-da-gangare, waɗanda ke gudu a kan dogon ƙarfe suna juya mutum, ana iya tsayar da su in sanyi ya yi tsanani ko ƙanƙara ta sauka.

In ba ka shiri da sanyi, akwai Florida da Kalifoniya, ko da yake can ma safiya da dare suna buƙatar rigar sanyi. Akwai kuma Ferrari World a tsibirin Yas na Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2010, mafi yawansa a rufe yake. A nan ne ake da Formula Rossa, jirgin tudu-da-gangare mai gudun kilomita 240 a awa ɗaya, har sai an ba ka tabarau ka sa don kare idanu daga iska.

Mataki na uku: tikiti, masauki da manhaja

Ka sayi tikiti ta intanet a shafin wurin kansa, mai ɗauke da ranar da za ka shiga. Ka sauke manhajarsu a wayarka tun kana gida, ka saba da taswirar. Manhajar ce ke nuna tsawon jiran kowane layi, da lokacin fareti, da abin hawan da aka rufe.

Masauki shi ne inda mai tafiya shi kaɗai yake cutuwa, domin babu mai raba masa kuɗin ɗaki. Otal-otal na cikin wuraren suna da tsada, amma suna ba da damar shiga kafin sauran jama'a: minti 30 a Walt Disney World, har awa ɗaya a Universal, wani wurin wasannin da ke Orlando a Florida. In kwana ɗaya ko biyu za ka yi, yana iya zama riba. In ya wuce haka, ka nemi ƙaramin otal na kusa wanda ke da motar kai baƙi.

Mataki na huɗu: layin mutum ɗaya

A nan ribar tafiyar take, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

Kowane abin hawa yana da adadin kujerunsa, iyalai kuma ba sa zuwa daidai da adadin. Ɗauki Test Track, wani hawan mota da ke Epcot a cikin Walt Disney World: kowace mota kujera shida ce, uku a gaba uku a baya. Miji da mata suka zo, suka cike biyu a jerin kujeru uku, saura ɗaya. Iyali mai mutum biyar suka zo, saura ɗaya. Masu wurin ba sa son mota ta tashi da kujera babu kowa, shi ya sa suka ware wani layi na daban domin wanda ya yarda a cusa shi duk inda aka samu gurbi. A allon ƙofa za ka ga an rubuta Single Rider. Akwai shi a hawan Expedition Everest da ke Animal Kingdom na Walt Disney World, akwai shi a yawancin manyan abubuwan hawa na Universal, akwai shi a Disneyland na Faransa da na Kalifoniya. Ba a biyan ko sisi a kansa.

Yadda yake a aikace: za ka bi wata ƴar siririyar hanya ta gefe, ka wuce dogon layin da ya naɗe kamar maciji, ka tsaya kusa da ma'aikacin da ke rarraba mutane. Zai tambayi iyalin da ke gaba su nawa ne, su ce uku, sai ya juyo ya nuna ka da yatsa ya faɗi lambar layin da za ka tsaya. Kafin ka ankara kana zaune kusa da wani dattijo da ba ka taɓa gani ba, kuna riƙe da ƙarfe ɗaya, kuma nan da minti ɗaya za ku kurma ihu tare. In an sauka ku yi wa juna murmushi kowa ya kama gabansa.

Layin yana da nasa sharuɗɗan. Ba ka da zaɓin kujera, gaba ko baya duk inda ta faɗo. Sau da yawa yana tsallake ɗakunan da aka ƙawata domin ba da labarin abin hawan, don haka in akwai wanda ka daɗe kana burin gani, ka bi babban layi sau ɗaya da sassafe, sauran hawan ka bi ta gefe. Ba kuma kullum yake da sauri ba. Inda kujeru bibbiyu ne kuma masu zuwa bibbiyu ne, gurbi ba ya samuwa da wuri. Ka leƙa ka gani: in layin ya fito har waje kuma ba ya motsi, ka tafi wani wuri ka dawo. Wani lokaci ma rufe shi ake yi in ya cika.

Saboda wannan layin ne nake ganin bai kamata mutum ɗaya ya yi gaggawar sayen tikitin tsallake layi ba, wanda Disney ke kira Lightning Lane a Amurka da Premier Access a Faransa, Universal kuma ke kira Express Pass. A lokacin hutu farashinsu yana hawa sosai. Ka duba jerin abubuwan da kake son hawa, ka cire waɗanda ke da layin mutum ɗaya. In abin da ya rage ɗaya ne ko biyu, sammako zai biya maka buƙata.

Mataki na biyar: tsara yinin

Ka isa bakin ƙofa minti 45 kafin a buɗe. Awa ta farko ta fi awa uku na tsakar rana albarka, domin masu yara suna can suna neman takalmin wannan da hular wancan. Ka nufi abin hawan da ya fi farin jini wanda ba shi da layin mutum ɗaya, ka gama da shi. Daga ƙarfe 11 zuwa 4 wuri zai cika maƙil, lokacin ne na layin gefe, da wasannin da ake kallo a zaune cikin ɗaki, da hutu. Abinci kuma ka ci kafin sha biyu ko bayan ƙarfe biyu. Inda manhaja ke karɓar odar abinci, ka yi oda kana tsaye a layin wani abu, ka je ka karɓa kawai.

Lokacin fareti da wasan wuta na dare layuka suna raguwa, domin jama'a sun tafi kallo. Ka zaɓi ɗaya: ko kallo ko hawa. In kallon ka zaɓa, ba sai ka kama wuri awa biyu kafin lokaci kamar masu iyali ba. Gurbin tsayuwar mutum ɗaya ba ya wuya ko da saura minti goma sha biyar.

Mataki na shida: kayanka, tunda babu mai riƙe maka

Wannan ce matsalar da ban hango ba a tafiyata ta farko. Na sayi abinci, na samu teburi da ƙyar, na tuna ban ɗauko cokali ba. In na tashi da tire, teburi ya tafi. In na bar tire, ban san abin da zai same shi ba. Ƙarshe da tiren na tafi, na ci abincina a tsaye jikin wata katanga. Tun daga ranar nake haɗa komai kafin in nemi wurin zama.

Ka ɗauki ƙaramar jaka mai zif wadda ake ɗaurawa a ƙugu ko a ƙirji. Wasu abubuwan hawa ba sa yarda da komai a aljihu. A VelociCoaster na Universal sai ka zuba waya da makulli a loka, wato akwatin ajiya mai kulle, sannan ka bi ta na'urar binciken ƙarfe. Ƙananan lokokin kyauta ne na tsawon hawan, amma babbar jaka ba ta shiga. Sandar ɗaukar hoton kai kuwa ka bar ta a gida, Disney ta hana shiga da ita tun 2015. In kana son hoto, ka nemi iyalin da ke fama da ɗaukar kansu, ka ce za ka ɗauke su. Da wuya su ƙi rama maka.

Abin cajin waya na tafi-da-gidanka dole ne. Tikitinka, taswirarka, kuɗinka da hanyar komawa masauki duk suna cikin wayar, sanyi kuma yana shanye batir da sauri. Ka rubuta sunan otal ɗinka da lambar wani naka a takarda ka sa a aljihu. Ka sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi, domin tafiyar kilomita goma a yini ba abin mamaki ba ce. Tufafi kuma ka sa su hawa-hawa, yadda za ka cire ɗaya in rana ta yi zafi ka mayar in dare ya yi.

Mataki na bakwai: sa'ar da kewa ke zuwa

Za ta zo, kada in ruɗe ka. Yawanci da magariba ne, in fitilu suka kama, kowa ya rungumi nasa ana ɗaukar hoto a gindin babbar bishiyar ado. Minti goma ne ko ashirin. Abin da nake yi shi ne in ajiye wani abu da nake ɗoki domin wannan lokacin, ko hawa na biyu a kan abin da ya fi burge ni da safe, ko kiran bidiyo ga mutanen gida in juya musu kyamara su ga fitilun. Zama a benci ana kallon mutane shi ne ke ƙara ta. Game da jin cewa ana kallonka kuwa, ka kwantar da hankalinka. Uban da ke ɗauke da yaro mai kuka a kafaɗa, yana jan wani da hannu, yana neman banɗaki, ba shi da lokacin lura da wanda ya zo shi kaɗai.

Mataki na ƙarshe: fita

Da zarar an gama wasan wuta, dubban mutane ke nufar ƙofa lokaci guda, layin bas da na jirgi su koma kamar na abin hawa. Kada ka bi su. A mafi yawan wuraren nan, duk wanda ya shiga layi kafin lokacin rufewa ana barinsa ya hau, don haka ka juya ciki ka yi hawanka na ƙarshe a layin da ya zama fayau. Shagunan bakin ƙofa ma sukan ƙara ɗan lokaci bayan an rufe, a nan za ka sayi tsarabar da da ka saye ta da safe da ka yini kana ɗauke da ita. Abu ɗaya kawai za ka tabbatar tun da rana: ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ko bas ɗin ƙarshe ke tashi zuwa masaukinka. Ka sa wa wayarka ƙararrawa minti 40 kafin lokacin, ka aika wa wani naka saƙo in ka isa ɗaki.