Yadda Za Ka Zaɓi Karen Da Zai Raka Ka Doguwar Tafiyar Ƙasa

Ni hanci nake fara dubawa. Da haki kare yake sanyaya jikinsa, shi ya sa masu gajeren hanci irin su Bulldog da Pug ba sa kai labari: rana na ɗagawa numfashinsu ya sarƙe. Bar su a gida.

Sai yanayin inda za ka bi. Husky gwani ne a sanyi, amma kaurin gashinsa azaba ne a zafi. A wuri mai zafi, Vizsla ko Rhodesian Ridgeback sun fi dacewa. Border Collie kuwa ba ya jin gajiya, kai zai gajiyar.

Abin da ake yawan mantawa shi ne nauyi. In dutse ya yanke masa tafin ƙafa a tsakiyar daji, kai za ka saɓa shi a kafaɗa. Mai kilo 15 zuwa 25 nake so. Mai kilo 40, wa zai ɗauka?

Kada ka fita da ɗan kwikwiyo. Jira ya kai wata 12 zuwa 18, ƙasusuwansa su yi ƙwari, likitan dabbobi ya duba shi. Sannan ka gwada shi: in ya hango zomo ka kira sunansa, zai juyo?