Yadda ake neman tallafin gwamnati a gyara gida ya riƙe ɗumi a Ingila

Hunturuna na farko a arewacin Ingila, da na buɗe takardar kuɗin gas na Janairu sai da na nemi kujera na zauna. Boila, wato tukunyar gas mai ɗumama gida, tana aiki dare da rana, amma yara da safa da rigar sanyi suke kwana, bangon ɗakin baya kuma ya yi baƙi da fumfuna. Wani maƙwabci ne ya ce min laifin ba na boila ba ne, gidan ne ke yoyon zafi. Daga bakinsa na fara jin cewa gwamnati na biyan kuɗin toshe irin wannan yoyo. Ga yadda ake bin hanyar, ga 'yan uwa da ke zaune a nan, masu gidan kansu da 'yan haya.

Kafin ka kira kowa, nemo takardar EPC ta gidanka. Ita ce shaidar da ke nuna yadda gida ke cin makamashi, daga A, wanda ya fi kowa tattali, zuwa G, wanda shi da rariya ba su da bambanci. Kyauta ake dubawa a shafin gwamnati na gov.uk, lambar unguwarka kawai za ka saka, gidajen layinku su fito. Takardar tana aiki shekara 10. In ta ƙare ko babu, mai gida ne zai kira mai awo ya yi sabuwa. Kada ka tsaya a harafin nan kawai, gangara ƙasa. Akwai inda aka rubuta irin bangon gidan, da kaurin abin da aka shimfiɗa a saman silin, da gyare-gyaren da aka ba da shawara. Duk wanda za ka yi magana da shi nan gaba, wannan takarda zai fara buɗewa.

Daga nan sai ka zagaya gidan da idonka. Ɗauki tocila ka leƙa tsakanin silin da rufi. Abin da ake so a gani shi ne shimfiɗar auduga mai tare zafi da kaurinta ya kai milimita 270, wato ta haura taƙi guda. A gidanmu abin da na tarar bai kai faɗin yatsu uku ba, ga katakan silin duk a fili. Sai ka fita waje ka kalli jerin bulo. In duk a kwance suke ta tsawonsu, mai yiwuwa bangon biyu ne da rami a tsakani, kuma cika ramin aiki ne na yini guda. In kuwa kana ganin dogo da gajere a cakuɗe, bango ɗaya ne dunƙulalle, irin na gidajen da aka gina kafin shekarun 1920, kuma rufe shi babban aiki ne mai tsada. Wanda ya taso a gidan ƙasa mai soro ya san zancen tun tuni: katanga mai kauri ita ke hana zafin bazara shiga, ita ke hana ɗumin hunturu fita. Ilimin ɗaya ne, kayan aikin ne suka bambanta.

Mataki na uku shi ne sanin ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, don tallafin ba ɗaya ba ne.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, akwai Warm Homes: Local Grant, wanda aka fara a 2025, kuma kansul-kansul, wato ƙananan hukumomi, ne ke gudanar da shi. Sharuɗɗan su ne gidan ya kasance a Ingila, na mai zaman kansa ne ko da haya kake yi, EPC ɗinsa D ko E ko F ko G, sannan abin da ke shigo wa gidan gaba ɗaya a shekara bai wuce fam 36,000 ba. Ka lura, kuɗin miji da na mata ake haɗawa, kuma kafin cire haraji. Wanda ya haura haka ma zai iya shiga in yana karɓar wasu nau'o'in tallafi irin su Universal Credit, kuɗin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi duk wata, ko kuma in unguwarsa na cikin waɗanda aka ware. In aka amince, kansul ce za ta turo ma'aikata ta biya su, ko sisi ba ya ratsa hannunka. Aikin kan haɗa da shimfiɗar silin, cika bango, allunan sola, ko sabon injin ɗumama gida.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Da yawa daga cikinmu, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, bizarsu na ɗauke da sharaɗin ba su da haƙƙin cin kuɗin tallafin jama'a. To ƙofar Universal Credit a rufe take gare su. Amma ƙofar ƙarancin albashi da ta unguwa ba sa buƙatar a ce kana karɓar wani tallafi. Abin da ya dace shi ne ka rubuta wa kansul imel ka faɗi irin bizarka, ka nemi su ba ka amsa a rubuce kafin ka sa hannu a komai. Harkar takardun zama ba a yi mata ka-ce-na-ce da baki.

Ƙofa ta biyu ta mai gidan kansa ce, kuma ba a tambayar albashi. Sunanta Boiler Upgrade Scheme, tana aiki a Ingila da Wales tun 2022 a ƙarƙashin Ofgem, hukumar da ke sa ido kan harkar wuta da gas. A 2025 ana ba da fam 7,500 ga wanda zai cire boilar gas ko ta mai ya sa injin janyo ɗumi daga iska ko daga ƙasa. Injin kamar firiji ne da aka juya bayansa: yana tsotso ɗumin waje ya tura cikin gida, wuta ma'auni ɗaya ta ba ka ɗumi kusan ma'auni uku. Ba kai ne za ka cika fom ba. Kamfanin da zai saka injin, wanda dole ya kasance da rajistar MCS, tsarin tantance kamfanonin saka irin waɗannan injina, shi zai nema a madadinka ya cire kuɗin daga farashi, Ofgem kuma ta tuntuɓe ka ta tabbatar da yardarka. Ragowar kuɗin daga aljihunka ne, don haka nemi farashi daga kamfani uku. Ra'ayina, kada ka yi gaggawar sa wannan injin a gidan da ke yoyo. Ɗumin da yake bayarwa a hankali yake zuwa, ba kamar na boila mai ƙuna ba. A toshe silin da bango tukuna.

Mazauna Scotland su nemi Home Energy Scotland, na Wales su nemi shirin Nest. Wanda ke gidan kansul ko na ƙungiyar gidaje, mai gidan ne ke nema, naka shi ne ka dame su da tambaya.

Cika fom ɗin Warm Homes a gov.uk bai kai tsawon shan shayi ba. Abin da ke jawo jinkiri shi ne takardu, don haka tara su tun wuri: takardun albashi na 'yan watannin baya na duk babban da ke aiki a gidan, bayanin banki, takardar harajin kansul, da shaidar mallakar gida ko yarjejeniyar haya. Ɗan haya sai da izinin mai gida. Wasu masu gidajen da sun ji zancen sai su noƙe, suna tsoron kuɗin da za a iya caje su. Ka nuna wa mai gidanka cewa gidansa ne zai ƙara daraja, kuma ka tuna masa da ladabi cewa tun 2020 doka ta hana ba da hayar gidan da ya gaza matakin E, sai in yana da rajistar uzuri.

Bayan haka mai duba gida zai zo. Ka kasance a gida ranar, ka bi shi ɗaki-ɗaki. Nuna masa bangon da ke danshi, da tagar da ke zufa da safe, kada ka goge fumfuna don kunyar baƙo. Faɗa masa gaskiyar yawan mutanen gidan da yadda kuke girki. Gidan da ake tuƙa tuwo, a dafa miya awa biyu, a shanya wanki a kan hita, tururin da yake tarawa ya fi na tsohuwa mai zaman kaɗaici nesa ba kusa ba. In an toshe gida ba a yi wa tururin nan hanyar fita ba, a bango zai kwanta. Tambaye shi kai tsaye: wace fanka za a sa a kicin da banɗaki?

Wannan tambaya ba ƙarama ba ce. A Oktoban 2025 ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati ya fitar da rahoto kan aikin rufe bango da aka yi a ƙarƙashin ECO4, wani shirin gwamnati na gyara gidaje su riƙe ɗumi, da wani takwaransa, ya ce kashi 98 cikin ɗari na gidajen da aka rufe bangonsu ta waje suna buƙatar gyara, galibi saboda haɗarin danshi da fumfuna. Ni ma wasu samari biyu sun taɓa buga min ƙofa da rigunan aiki masu ƙyalli, suka ce gwamnati ce ta aiko su, in sa hannu a kwamfutar hannu yau-yau kafin kuɗin su ƙare. Da na nemi lambar rajistarsu ta TrustMark, tsarin tantance masu aikin gida da gwamnati ta amince da shi, sai ɗaya ya ce tana mota. Har yau ban ga dawowarsu ba. Duk kamfanin da zai taɓa gidanka da kuɗin gwamnati, duba sunansa da kanka a shafin TrustMark, ko na MCS in injin ɗumi ne ko sola, kuma ka kira kansul ka ji ko su suka turo shi.

Ranar da aka gama aiki, kada ka sa hannu a takardar kammalawa sai ka sake hawa saman silin da tocilarka. Duba ko shimfiɗar ta kai kusurwoyi, ko an bar 'yan kafofin iska na gefen rufi a buɗe, ko an naɗe bututun ruwa don kada su daskare. Ka karɓi takardar garanti da sunan kamfanin inshorar da ya tsaya mata, ka ɗauki hotuna, ka adana su tare da takardun gida. 'Yan ramukan iska da za ka ga an buɗe a saman tagogi kuma, a ja kunnen mutanen gida kada wani ya cusa musu tsumma ranar da sanyi ya tsananta. Ni sau biyu ina ciro safa daga namu.