Yadda Za Ka Rage Shan Man Motarka da Hayaƙin da Take Fitarwa

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane direba kuka yake mota na shan mai, amma kaɗan ne suka san lita nawa take sha. Don haka fara da awo. Cika tanki har famfon gidan mai ya tsaya da kansa, rubuta lambar kilomita da ke kan mita, ka ci gaba da harkokinka. In ka dawo ka sake cikawa, raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga. Kilomita 300 da lita 30 na nufin kilomita 10 a lita. Kowace litar fetur da ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid, ta dizal kuwa wajen 2.7. Wato wannan lita 30 ta zuba kusan kilo 70 a sararin sama.

Daga nan sai taya. Kada ka bar mai faci ya buga iska da ka. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35 a ma'aunin iska na PSI a ƙananan motoci. A gwada da safe kafin taya ta ɗau zafi. Taya mai ƙarancin iska tana jan ƙasa, ta sha mai, ta kuma cinye ta gefe.

Filtar iska ce ke shan wahala lokacin hunturu. Ciro ta ka ɗaga wa rana. In haske ba ya ratsawa, canza ta. A mota ko babur mai kafireto, toshewarta na sa mai ya fi iska yawa, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa shaƙewa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen sanyaya inji. Bakanike da yawa sukan cire tamostat, wato ƙaramar na'urar da ke daidaita zafin inji, daga motocin da aka shigo da su, su haɗa fanka kai tsaye, wai ai tamostat an ƙera ta ne don ƙasar sanyi. Kuskure ne. An tsara inji ya yi aiki a zafin kusan digiri 90. In bai kai ba, kwamfutar motar takan ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai. Mota mai zafi, lagireto ko famfon ruwa za a duba. A mayar da tamostat. Haka ma abin nan na cikin salansa da ake kira indomi, wanda ake fasawa a sayar: shi ke rage gubar hayaƙi, musamman kabon monoksaid, wadda ba ta da wari amma tana kisa a rufaffen gareji.

Launin hayaƙi ma yana magana. Baƙi, mai ya yi yawa, a duba filta da nozul. Shuɗi, inji na ƙona baƙin mai, yawanci ring ya cinye. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ruwa na shiga, a tuhumi gaskit.

Saura ƙafarka. Taka totur a hankali, shiga babbar giya da wuri, ka saki totur tun daga nesa in ka hango cunkoso maimakon cin birki. A hanyar Kano zuwa Zariya, gudun 90 ya fi 120 sauƙin mai nesa ba kusa ba, domin iska ce kake turewa. In jiran zai wuce minti ɗaya, kashe inji. Sauke tarkacen but da kariyar saman mota in ba kaya.

Bayan kowane gyara guda, sake awon tanki, ka ga wanne ne ya biya kuɗinsa.