Kurakuran da Sababbin Masu Murɗa Balan-balan Suka Ƙi Daina Yi

Makon da ya wuce na tsaya a gefen wani taro ina kallon wani matashi yana murɗa wa yara dogayen balan-balan, yana mayar da su siffar dabbobi da kayan wasa. Hannunsa na da kyau, wannan ba a magana. Amma cikin minti goma na ƙirga fashewa bakwai, kuma duk wanda ya fashe sai ya ba da haƙuri, ya zaro wani, ya bar ɓarɓashin robar a ƙasa daidai inda wata yarinya mai rarrafe take wasa. Ban iya daurewa ba, na durƙusa na tsince su da kaina. A hanyar gida na ce to, ya isa, bari in rubuta abin nan, don kuskuren da na gani a wurinsa shi nake gani a wurin kusan duk wanda ya shigo sana'ar, kuma yawancinsa ni ma na taɓa yi.

Ni ma ba ita kaɗai ce sana'ata ba. Ranakun aiki ina ofis, ƙarshen mako ne nake ɗaukar jaka da famfon hura iska. Wannan rabin ƙafa a ciki rabi a waje shi ke jawo kuskure na farko, wanda ya fi kowanne ci mini tuwo a ƙwarya.

Kuskuren shi ne barin kaya a mota. Mai yin sana'ar kullum kayansa ba sa daɗewa, yau ya saya jibi sun ƙare. Mu kuwa leda ɗaya sai ta yi wata uku, kuma don kada mu manta da ita ranar aiki sai mu jefa ta a but mu rufe. Haka na yi a shekarata ta biyu. Na sayi kaya masu yawa don wani bikin zagayowar ranar haihuwa, yara wajen sittin, na bar su a but tun ranar Litinin, motar kuma tana yini a rana a bakin ofis. Ranar Asabar na isa da wuri, na buɗe leda ta farko, sai na ga sun manne da juna kamar an shafa musu danƙo. Na ɓanɓaro ɗaya na sa a bakin famfo, bugu biyu ya fashe. Na biyu ya hura lafiya, murɗi na uku ya tashi a hannuna. Yara sun riga sun yi layi, na gaba yana ta cewa, "Kawu, ni takobi nake so, ja." A cikin kowane goma da ƙyar huɗu suke kai labari, su ma ɗin yaro bai kai ga kujerarsa ba sun fashe. Kuka ya kaure ta ko'ina. Uwar yaron ta matso kusa da ni, ta rage murya ta ce, "Malam, lafiya dai ko?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne." Na mayar mata da kuɗinta gaba ɗaya. Ba ta yi faɗa ba, kuma ba ta sake kirana ba, haka ma iyayen da ke wurin, waɗanda a cikinsu nake sa ran samun aikin wata shida.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne balan-balan ba leda ba ne. Daga ƙaron bishiyar roba ake yin sa, abu ne da ya fito daga tsiro, kuma tun ranar da ya bar masana'anta yake tsufa. Zafi, hasken rana da iska su ne ke hanzarta tsufan. Zafi yana sa robar ta yi laushi ta manne, rana tana cinye ƙarfinta har ta riƙa tsagewa, iska kuma ita ke sa ka ga launin ya dushe kamar an barbaɗa masa gari. Yanzu ga yadda nake yi: kaya suna shigowa na juye su a roba mai murfi wadda iska ba ta shiga, na rubuta ranar saye a jikinta da maka, na tura ta can cikin kabad inda ya fi sanyi da duhu. Na san masu sa nasu a firji, kuma sun ce yana yi musu, muddin sun bari sanyin ya sake su kafin su hura. Ni ban saba ba. Abin da ba na tsallakewa shi ne daren jajibirin aiki in zaro guda biyar daga kowace leda in hura in murɗa. In biyu suka fashe ba dalili, ledar nan ta zama ta koyon hannu, ba za ta je wurin mutane ba.

Kuma don Allah a daina sayen na araha marar suna don a rage kashe kuɗi. Araha ba ta ado. Sempertex da ake yi a Kolombiya, Gemar na Italiya, Kalisan na Turkiyya, duk ana aiki da su. Qualatex shi ne da yawanmu muka koyi aiki da shi, amma tun da kamfanin da ke yin sa a Amurka ya shiga matsalar kuɗi a 2023 mutane da dama suka canza. In ka canza iri, ka ba hannunka mako guda ya saba, don kowanne da irin taurinsa da yadda yake miƙewa.

Sai batun hurawa. Wanda muka fi amfani da shi ana ce masa 260, wato kaurinsa inci 2, tsawonsa inci 60 in an cika shi, kusan mita ɗaya da rabi. Akwai 160 siriri don ƙananan ayyuka, akwai 350 da 646 masu kauri. Sabon shiga yana ganin tsawon nan sai ya cika shi dam har ƙarshe. To ina iskar za ta je? Kowane murɗi da ka yi yana tura iska gaba, saboda haka dole ka bar jela wadda ba a hura ba. Kare na yau da kullum, mai hanci, kunnuwa, wuya, ƙafafu, jiki da wutsiya, ni faɗin tafin hannuna nake bar masa. Abin da gaɓoɓinsa suka fi yawa, jelarsa ta fi tsawo. Takobi kuwa ɗan kaɗan ya ishe shi. Kafin ka ɗaure baki ka saki 'yar iska ta fita, ya yi laushi a hannu. Wannan 'yar sakin kaɗai ta rage mini fashewa fiye da duk wata dabara da na koya daga baya.

Murɗi kuma gefe ɗaya ake yi tun daga farko har ƙarshe. In ka murɗa gaɓar farko dama, ta biyu hagu, sai su warware kana kallo. Ka riƙe gaɓar farko da ɗan yatsanka har sai ka kulle ta da wata. Kowace gaɓa juyi uku ko huɗu, ba ɗaya ba.

Hurawa da baki: ka bari. Na san yana burge mutane, na san akwai tsofaffin hannu da ke yi. Amma 260 yana da tauri ƙwarai, mutum na iya ganin jiri, kuma in ya fashe a fuskarka idonka ne a gaba. Ga shi kuma za ka miƙa wa ɗan mutane abin da ka sa a bakinka, yaran da ke kallo su ma su kwaikwaya. Famfon hannu mai hurawa gaba da baya ya wadatar. Ka riƙa tafiya da guda biyu, don ranar da ɗaya zai karye ba ya sallama.

Yanzu bari in dawo kan ɓarɓashin nan, don shi ne abin da ke ɓata mini rai da gaske. Kai da ka shiga tsakiyar yara da roba a hannu, wa kake jira ya tsince maka abin da ya fashe? Mai shara? Uwar da ke can tana hira? Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta bayyana cewa a cikin kayan yara, balan-balan ne kan gaba wajen kashe yara ta hanyar toshe numfashi, kuma dokar da aka kafa a can a 1994 ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin leda game da yaran da ba su kai shekara 8 ba. Ka duba ledar da ke hannunka, mai yiwuwa rubutun yana nan, ba ka taɓa karantawa ba. Robar tana da santsi, in ta shiga maƙogwaro sai ta lafe ta ɗauki siffar wurin, bugun baya da matsa ciki ba lalle su fito da ita ba. Wannan ba abin da za a ce "a yi haƙuri" ba ne. In abu ya fashe, aiki ya tsaya, ka tsince, ka zuba a aljihun da ka ware don haka, sannan ka ci gaba. Kada ka taɓa ba yaro wanda ba a hura ba, ko da ya yi ta roƙo. Ɗan ƙasa da shekara uku ni ba na miƙa masa a hannu, uwarsa nake ba, in ce mata, "Ki riƙe masa, kada ya kai baki." Wasu iyayen suna ɓata fuska. Su ɓata. Haka kuma ka tambayi mai taron tun a waya ko akwai wanda jikinsa ba ya shiri da roba, don akwai waɗanda taɓa ta kaɗai ke tayar musu da borin jini, wasu har numfashinsu ya sarƙe. Asibitoci da makarantu da yawa sun hana shiga da ita saboda haka.

Abu na biyu da ya taɓa cutar da ni sosai shi ne layi, da rashin yin magana ɗaya kafin a fara. An taɓa kirana aikin awa biyu, aka ce yara ashirin da biyar. Ban nemi kafin alƙalami ba, ban rubuta komai ba, don kunya. Na isa na tarar da yara sun ninka haka, ga manya su ma suna son hula da fure. Ni kuma a lokacin ina ji da kaina, na koyi wani babban biri mai cin balan-balan biyar da minti takwas, sai na yi wa yaro na farko shi. Shi ke nan na ɗaure kaina, kowa biri yake so. Awa biyu ta cika layi bai ko motsa ba. Na ƙara awa ɗaya da rabi, yatsuna suka kumbura, kayan da na tanada don aikin gobe suka ƙare. Da na zo tafiya na yi maganar ƙarin lokaci, maigidan ya ce, "Ai Malam ba mu yi haka da kai ba." Gaskiyarsa. Ba mu yi ba. Washegari na je aiki na biyu da ragowar launuka biyu kacal, ranar Litinin kuma ko alƙalami na kasa riƙewa da kyau a ofis.

Ku ji ni da kyau, ku sababbi: abin da ka yi wa yaro na farko shi ne alƙawarin da ka ɗaukar wa na ƙarshe. Kafin ka zaro ko ɗaya, ka ƙirga kawuna, ka raba da mintunan da kake da su. Yara arba'in a awa biyu, minti uku ke nan kowanne, har da zaɓen launi da zanen ido da ɗaurin abin da ya warware. A irin wannan wuri abu biyar ko shida nake nunawa a kati, kowa ya zaɓa a ciki, kuma ba na tambayar yaro "me kake so?" don zai ce jirgin sama mai saukar ungulu. Saura minti ashirin lokaci ya cika, sai in je wurin na ƙarshe a layi in sa masa hula ta musamman in ce, "Kai ne sarkin ƙarshe, duk wanda ya zo bayanka ka ce masa an rufe." Yara suna riƙe wannan muƙami da gaske. In akwai babba mai taimakawa, ya fi. Game da ciniki kuwa, saƙo nake turawa a rubuce: rana, wuri, ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, yara nawa, kuɗin kowane rabin awa da aka ƙara, da rabin kuɗi kafin in riƙe ranar. Wanda ya ƙi wannan, na gode masa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Yanke farce ka goge kaifinsa, ka cire zobe. Kada ka shafa mai a hannu dab da aiki, mai yana cin roba. Wanda ya gama ɓare lemu kada ya taɓa maka kaya, man da ke bawon yana fasa balan-balan nan take. A waje ka nemi inuwa, ka rage iska, ka kuma san baƙi da sauran launuka masu duhu sun fi saurin fashewa a rana. Ka gaya wa yara kada su ajiye a ciyawa. Ka jera launuka a jakar ƙugu tun daga gida, ba ka tsaya kana tonon leda layi na jiranka ba. Zanen ido da maka, ka bari ya bushe kafin ka miƙa, in ba haka ba ya ƙare a farar rigar wani.

Kada kuma ka gwada sabon abu a gaban mutane. Abin da ka gani a bidiyo daren jiya bai zama naka ba tukuna. Ni sai na yi abu sau ashirin a ɗaki, har in iya yinsa ina magana ba tare da na kalli hannuna ba, sannan yake shiga kati. Mu masu aikin ƙarshen mako hannunmu yana sanyi tsakanin Lahadi da Asabar, shi ya sa nake ajiye famfo da leda ɗaya ta tsofaffin kaya kusa da kujerar da nake zama da dare, minti goma sha biyar kullum, yawanci murɗin kunne, wato ƙaramar gaɓar da ake lanƙwasawa ta zama kamar kunnen dabba, nake maimaitawa, don shi ne ya fi saurin guje wa yatsu.